Ranar da Na Kira Mai Kyamara

A Nuzla, wata unguwa a Jidda, aka haife ni, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Ɗan Turancin da nake ji a wani shagon gyaran talabijin da ke Ammariyya na tsince shi, lokacin da nake aiki a can. Wani mutum ya kawo na'urarsa gyara, ya bar faifai a ciki, bai sake dawowa ba. Faifan na wata ƙungiyar mawaƙan Turawa ne, su huɗu, masu jita da ganguna. Kiɗan rok suke yi, amma ba irin mai ihu daga farko har ƙarshe ba. Sukan fara a sanyaye kamar masu zaman makoki, sai can su ɓarke. Da wannan faifai muke gwada duk talabijin da aka gyara, har na haddace shi.

Waƙoƙin ba su ne suka kama ni ba. Abin da ake nunawa tsakanin waƙa da waƙa shi ya kama ni: doguwar mota a kan hanya, ma'aikata suna sauke akwatuna, wani yana cin abinci a tsaye da waya naɗe a kafaɗarsa. Duk wanda aka nuna, ko da mai share dandamali ne, sai a rubuta sunansa a ƙasan fuskarsa. Daga baya na nemi sauran finafinan rangadinsu a wayata na kalle su duka. Na gane yadda suke yi. Kowane gari suka sauka, sai sun zaɓi mutum ɗaya daga ma'aikatan garin sun ba shi ɗan lokaci a fim. Ni da na girma a unguwar da ba a rubuta sunan kowa a ko'ina sai a takardar kame, abin ya zauna mini a rai fiye da yadda ya kamata.

Da aka fara barin mawaƙan waje suna zuwa Jidda, na samu aiki a wani kamfani mai haɗa dandamalin wasa. Iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar, tana kansu, takarduna lafiya lau. Ranar da na ga sunan wannan ƙungiya a jerin ayyukan wata mai zuwa, sai da na karanta sau uku.

Mijin yayata mutumin Nijar ne, daga wajen Damagaram, kafinta ne tun daga gida. Da bizar direban gida ya shigo. Zama bai yi daɗi tsakaninsa da kafilinsa ba, wato maigidan da bizar take kansa, ya bar gidan, kafilin ya kai rahoton cewa ya gudu. Daga ranar ya zama mutumin da in aka tsayar da shi a hanya, sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, sai jirgi. A haka ya auri yayata, suka haifi 'ya'ya uku. Yana gyara wa mutanen unguwa ƙofofi da kabad, ba ya bin babban titi, ko kasuwar Bab Makka zai je sayen ƙusa ta lungu yake bi. Tsakanina da shi wasa ne, irin na mutum da ƙanin matarsa. Yana kirana ɗan Jidda mai hannun audiga, ni ina kiransa baƙon Yaya.

Aikin ya yi mana yawa a makon zuwan ƙungiyar, kafintoci suka yi ƙaranci. Maƙwabcinmu, wani dattijo mutumin Chadi da muke aiki kamfani ɗaya, bayansa ya riƙe, yana kwance. Ni na je na roƙe shi ya ba mijin yayata katinsa na shiga wurin aiki. Abu ne da ake yi a cikinmu. Hoton da ke kan katin ƙarami ne, masu gadin ƙofa kuma na'ura kawai suke ɗora wa katin, ba sa duban fuska. Ka'idar kowa ya san ta. Ka naɗe fuskarka da shimag, wato kyallen kan Larabawa, kamar mai gudun rana, in an kira sunan mai kati ka amsa, in ka ga kyamara ka juya mata baya.

Dattijon ya zaro katin daga ƙarƙashin matashi, ya riƙe shi bai saki ba.

"Sunana ne wannan," ya ce. "Ba ni da wani."

"Kwana uku ne kawai, Baba. Ina tare da shi."

Kwana biyu suka wuce lafiya. Mijin yayata yana can bayan dandamali da zarto da guduma, ido kawai ake gani. Masu ɗaukar fim sun iso tare da kayan ƙungiyar, wata Baturiya mai kyamara a kafaɗa da wani Balaraben Sham mai yi mata tafinta. Duk inda suka nufa sai in samu dalilin bi ta wurin da akwati a kai. Ko sau ɗaya ba ta juyo da kyamarar wajena ba.

Rana ta uku, bayan azahar, mawaƙan suka zo gwajin sauti. Mai ganguna ya hau ɗan dandamalin da aka yi masa, ya taka, sai katako ya yi ƙara. Ya sake takawa, ya sake yi. Ƙarar tana shiga makirfo tana fita ta manyan lasifika kamar kukan ƙofa. Mutanensu suka ɗaure nan, suka sassauta can, ba ta daina ba. Mai gangunan ya ajiye sandunansa ya haɗe rai. Na matsa na ce da tafintan akwai wanda zai iya.

Har nan ban yi laifi ba, ko kuma laifin ƙarami ne.

Mijin yayata ya zo, ya duba, ya shiga ƙarƙashin dandamalin a kwance. Wurin ya matse, zafi kamar tanda, ƙusoshi kuma a baki yake riƙe su in yana aiki. Sai ya warware shimag ɗin ya ajiye gefe. Yadda yake neman katakon da ya saki shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da guduma yana saurare. Ya buga sau biyu, ya matsa, ya buga sau biyu. Mai ganguna yana sama, ya ji, sai ya ɗauki sanda ya amsa masa a gefen ganga. Daga ƙasa aka buga uku, daga sama aka amsa uku. Mijin yayata ya yi kiɗan kalangu a ƙuruciya. Ya sauya bugun, ya jefa masa wani mai karkata, Baturen ya bi ya kuskure, ya yi dariya, ya sake bi. Mai jita ya matso. Ma'aikata suka tsaya da aiki.

Na san abin da nake gani. Na kalli finafinansu har na san irin wannan ne suke nema a kowane gari. Mai kyamarar tana can ɗaya gefen tana ɗaukar masu ɗaura fitilu, ba ta san abin da ake yi ba. Na tuna ka'idar, ba zan ce na manta ba. Na ruga na taɓa kafaɗar tafintan, na nuna musu wurin, na kuma rigaye su komawa don in tsaya daidai inda mijin yayata zai fito.

Ya samu katakon, ya buga masa ƙusa huɗu, ya jawo jikinsa waje yana murmushi, gumi da garin katako a fuska. Mai ganguna ya sauko ya kama hannunsa ya ɗaga sama. Sai a lokacin mijin yayata ya ga kyamarar, kusa da shi kamar tsawon hannu biyu. Murmushin bai bar bakinsa nan take ba, amma idonsa ya nemo ni. Ya sunkuya ya ɗauki shimag ɗinsa, ya wuce bayan dandamali ba gudu ba.

Tafintan ya biyo shi da takarda. Duk wanda aka ɗauka sai ya sa hannu cewa ya yarda a nuna shi. Na tare shi na ce mutumin ba ya jin Larabci sosai, ɗan'uwana ne, ni zan cike masa. Na rubuta sunan da ke kan katin, na yi wani zane a wurin sa hannu, na sa lambar wayata.

A motar komawa gida mijin yayata bai yi mini magana ba sai da muka sauka.

"Ɗan Jidda, wa ya kira matar nan?"

"Ita ta ji kiɗa ta zo. Kai ma baƙon Yaya, an ce ka gyara katako, ka buɗe gidan biki."

Bai yi dariya ba.

"Za su sa a fim?"

"Ina. Waɗannan mutanen suna ɗaukar abin da za a kwana bakwai ana kallo, su zubar da kusan duka. Wa zai sa kafinta?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce kada in faɗa wa Yaya, hawan jininta ba ya son irin wannan. Na ji daɗin wannan roƙo, domin ya zo daidai da abin da nake so.

Watanni suka shige. Wata safiya ina shan shayi a bakin sito, saƙo ya shigo wayata daga tafintan. Ya turo hoto ɗaya daga cikin fim ɗin, ya ce sun zaɓi wannan wuri, yana so a tabbatar masa an rubuta sunan daidai, in kuma mai hoton ya sauya ra'ayi a faɗa kafin ƙarshen mako, za su cire. Na buɗe hoton. Ga mijin yayata, fuskarsa fes, har tabon da ke gefen girarsa. Ga sunan dattijon Chadi a ƙasa da farin rubutu. A bayan kafaɗarsa kuma ga ni, baki buɗe ina dariya, rigar kamfani a jikina.

Kalma ɗaya ta isa. Na riƙe wayar har shayin ya huce. Na ce wa kaina fim ɗin Turawa ne, wa zai kalle shi a Nuzla. Na ce wa kaina ɗan lokaci ne, kafin mutum ya ƙifta ido ya wuce. Gaskiyar ita ce in an cire shi an cire ni. Na rubuta cewa sunan daidai ne.

Da fim ɗin ya fito na kalle shi ni kaɗai a bayan sito, na maimaita wurin ban san sau nawa ba. Ya fi yadda na zata tsawo. Sun bar kiɗan guduma duka, sun bar fitowarsa, sun tsaya a kan fuskarsa. Sati ɗaya ina jin daɗi da tsoro a haɗe, ban gaya wa kowa ba.

Sai mushrif ɗinmu, wato mai kula da ma'aikata, ya sanar cewa kamfani ya fito a fim ɗin duniya, manaja ya ce ranar Alhamis bayan azahar a haɗu a sito a ci shinkafa a kalla tare. Dattijon Chadi ya warke tuni, ya dawo aiki. Mushrif ya san shi shekara da shekaru, shi yake sabunta masa iƙama.

Tsakanin sanarwar da Alhamis kwana huɗu ne. Kullum ina wucewa ta ƙofar dattijon, kullum ina cin abincin dare a gidan Yaya. Sau ɗaya na buɗe baki, mijinta yana gyara ƙafar kujera, ya ɗago ya ce, "Mai hannun audiga, riƙe mini nan, in ba zai fasa maka fata ba." Na riƙe, na yi dariya, na haɗiye maganar. Ina fatan na'urar za ta ƙi aiki, ko a gaji a kashe kafin a kai wurin, tunda Jidda tana can wajen ƙarshen fim.

Ranar Alhamis aka rataya farin kyalle a jikin akwatuna, aka ja ƙofar sito don a samu duhu. Mun kai mutum arba'in a kan tabarmi, manaja da mushrif a kujera. Dattijon yana gaba saboda idonsa. Aka nuna garuruwan sanyi, aka nuna mawaƙan suna faɗa a mota, ma'aikata suna ta surutu ba mai saurare. Da aka nuna teku da fitilun bakin ruwa sai aka ɗau tafi, kowa yana neman kansa. Wani ya ga bayansa ya yi kabbara.

Sai ƙarar guduma ta cika siton.

Mutanenmu, waɗanda suka san wanda ya shiga ƙarƙashin dandamalin ranar, suka yi tsit tun kafin ya fito. Sauran suna dariya. Ya fito, aka ɗaga hannunsa, rubutun ya bayyana. Wani Bamisire mai haɗa lantarki ya karanta sunan da ƙarfi, ya leƙa gaba.

"Ya Hajji, kai ne wannan? Wallahi Turawa sun iya gyara. Sun cire maka shekara ashirin, sun mayar maka da haƙora."

Mutum biyu ko uku suka yi dariya, suka ga ba a taya su ba, suka bari. Mushrif ya ɗauki rimot ya tsayar da hoton. Ya mayar baya, ya sake tsayarwa. Dattijon bai juyo ba. Ina kallon ƙeyarsa, hular ta ɗan karkace, hannunsa yana cikin faranti bai motsa ba. Manaja ya faɗa wa mushrif wata magana a kunne, ya tashi ya fita.

Aka kira mu ofis, ni da dattijon. Mushrif ba mugun mutum ba ne, ranar ma a tsorace yake. Ya ce fim ɗin yana hannun duniya, rigar kamfani tana ciki, in hukuma ta tambaya dole ya ba da amsa. Ya tambayi dattijon wa ya ba katinsa. Dattijon ya ce yana kwance a lokacin, ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne. Jira yake in yi magana, tunda ni na ce ina tare da shi.

Mushrif ya juya allon kwamfuta wajena.

"Kai ga ka nan a bayansa kana dariya. Waye shi?"

"Ban san shi ba, ustaz. A wurin na gan shi da kati a wuya."

Na ji dattijon ya saki numfashi a hankali.

"Halas," in ji mushrif. "Hajji, ina ba ka zuwa Lahadi da safe. Ka kawo mini mutumin, in san abin da zan rubuta. In ba haka ba sunanka zan rubuta, fita ce daga ƙasar ba dawowa. Ba ni da yadda zan yi."

Ban bi motar ma'aikata ba. Na yi ta yawo a ƙafa har bayan la'asar, ina shirya yadda zan faɗi maganar ta yi sauƙi. Da na isa gidan Yaya na tarar da takalman dattijon a bakin ƙofa. Suna zaune su uku, an kora yara gidan maƙwabta. Ba wanda ya amsa sallamata sai mijin yayata.

"Zauna. Kawo wayar in gani."

Na buɗe masa wurin. Ya kalla har ƙarshe, wayar nesa da fuskarsa. Yaya ta ƙi kallo.

"Haka kawai suka sa, ba su tambayi kowa ba?" ya ce. "Na ji an ce Turawa ba sa yin haka."

Ina iya cewa ba su tambaya ba. Ban san abin da ya hana ni ba, wataƙila ƙaryar ce ta ƙare mini. Na faɗa musu ni na kira matar, ni na sa hannu, an turo mini saƙo an ce za a cire in ana so, na ce a bari.

"Saboda me?" in ji Yaya. Muryarta ba ta tashi ba. "Me suka ba ka?"

"Ba su ba ni komai ba."

"To saboda me?"

"Ina cikin hoton."

Ta dube ni kamar tana neman ƙarin bayani, ta ga babu. Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na ce zan koma wurin mushrif in faɗi gaskiya, in ce ni na ɗauki katin, ni na shigo da mutum. Dattijon ya ce ko na faɗa, za a tambaye ni mutumin, kuma za a tambaye shi ya aka yi katin ya bar hannunsa. Na ce to mijin Yaya ya tafi Makka ko Ɗa'if wurin 'yan garinsu ya ɓuya, a ce an neme shi an rasa.

"In ɓuya, a kori Baba?" Mijin Yaya ya girgiza kai. "Mutum yana kwance ya ba ni sunansa na ci abinci da shi. Zan je. Zan ce na shiga gaishe shi na ga katin a rataye na ɗauka, bai sani ba." Ya juyo wajena. "Kai kuma ka ce ba ka san ni ba, ko?"

Na ce haka ne.

"To ka riƙe wannan. Kada ka sauya. In ka je kana kuka kana faɗin gaskiya, mu biyu za a sa a jirgi, gidan nan ba namiji mai iƙama. Ka iya faɗar ƙaryar sau ɗaya ba wanda ya sa ka. Yanzu ni na sa ka."

Juma'a da Asabar ya yi su yana ƙarasa ayyukan mutane. Ya kai wa wata tsohuwa ƙofarta, ya ɗaura wa Yaya kantar da ta daɗe tana roƙo a madafa, ya raba kayan aikinsa. Ni bai ba ni ko ƙusa ba, bai kuma sake kirana da sunan wasa ba.

Lahadi da safe na riga su zuwa sito. Ina naɗe wayar lantarki a bakin ƙofa suka iso shi da dattijon, yana sanye da farar rigarsa ta Juma'a, fuska a buɗe, ƙaramar jaka a hannu. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Bayan ɗan lokaci mushrif ya leƙo ya kira ni. Yana riƙe da biro, takarda a gabansa.

"Ga mutumin. Ka dube shi da kyau. Ka san shi?"

Na dube shi. Yana kallon bango.

"Ban san shi ba, ustaz."

Mushrif ya rubuta, ya ce in koma bakin aiki.

Dattijon ya tsira da gargaɗi. Mijin yayata ya yi makonni a gidan tarhil kafin a sa shi a jirgi, an ɗauki zanen yatsunsa, ba zai sake shigowa ba. Yaya tana nan da yaran, ba ta yanke shawarar bin sa ko zama ba, domin yaran ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Ni nake kai musu cefane. Takan karɓa a bakin ƙofa ta ce an gode. In ya kira waya ina gidan, yakan yi magana da kowa har ƙaramar 'yarsa, sannan ya ce a gaida mutanen gida, ya kashe.